Tsagar da Ta Ƙi Kamewa

Mahaifina wanzami ne, kamar yadda nasa mahaifin ya kasance. A wani ɗan ƙauye kusa da Zakka, cikin ƙasar Safana, ya yi shekarunsa, kuma da an bar shi da can zai ƙarasa su. Amma a shekarun da 'yan bindiga suka hana mutane noma, ƙauyenmu ya riƙa raguwa gida-gida, har aka kai masu fitowa salla ba sa cika sahu ɗaya. Sai na aika da a-kori-kura aka kwaso su, shi da Inna, aka kawo su Batsari inda nake aiki. Ina tuna saukarsa. Mutane suna ta sauke buhunan gero da tabarmi, shi kuwa zabirarsa kawai ya rungume, jakar fatar da askake da ƙahonninsa suke ciki, yana kallon gidan hayar da na kama kamar wanda aka tasa daga barci.

Ni aikin gwajin jini nake yi a wani ƙaramin asibiti. Mutane kan ce gado na yi, ba na kuma musa musu. Tun ina ƙarama nake ganin Baba yana yi wa mutane ƙaho a gindin tsamiyar ƙofar gidanmu. Ya tsattsaga fata da aska, ya kifa ƙaho, ya zuƙe iskar da baki ya toshe kafar, sannan su ci gaba da hira da mutumin kamar ba abin da ke faruwa. In ya ɗaga ƙahon sai jini ya faɗo ƙasa dunƙule guda, baƙi, yana rawa kamar hanta. Ya goge wurin, kafin mutum ya mayar da rigarsa tsagar ta kame. A lokacin ban taɓa tambayar kaina me ke kamar da ita ba. Haka na ɗauka fata take, in an buɗe ta sai ta rufe.

A Batsari ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, mutanen yankinmu da suka yi gudun hijira kamarsa suka riƙa zuwa aski. Yawanci ba askin ne ya kawo su ba. Suna so ne su zauna kusa da wanda ya san sunan gonarsu.

Wata ranar bazara, da hantsi, yana tsakiyar aske wa wani maƙwabci kai sai askar ta zame daga hannunsa ta faɗi kan tabarma. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya ƙi. Ya buɗe baki zai yi magana, maganar ta fito a murɗe. Inna ce ta kira ni a waya, abin da kawai ta iya cewa shi ne, "Bakin babanki ya karkace."

Daga asibitinmu aka tura mu Katsina. A can aka ɗauki hoton kansa, likitar da ta duba shi ta kira ni gefe ta nuna min wani ɗan tabo. Ba jijiya ce ta fashe ba, gudan jini ne ya toshe wata siririyar hanya a ƙwaƙwalwa. Ta ce an yi sa'a, ƙarami ne. Ta rubuta masa maganin hawan jini, da wasu ƙwayoyi guda biyu masu hana jini dunƙulewa, ɗaya asfirin ce, ta ce su biyun zai haɗa na 'yan makonni. Sannan ta durƙusa kusa da gadonsa ta ce, "Baba, na ji an ce kai wanzami ne. To ka ji da kyau. Ban da ƙaho, ban da tsaga. Ko ƙaya ce ta soke ka, ka danne wurin sosai."

Ya gyaɗa kai. Na san wannan gyaɗa kan. Haka yake yi wa mai wa'azin kasuwa.

Makonnin da suka biyo baya sun tafi min kamar a cikin ruwa. Zafi ya yi zafi, wuta ba ta zuwa, abinci kullum ƙara tsada yake, ga labarin hanya da ba ya ƙarewa. In na taso daga aiki sai in tarar da shi a inuwar darbejiyar tsakar gida, yana murza ɗan lemun tsami a tafin hannun dama don yatsun su farka. Maganarsa ta dawo, sai dai a hankali take fita, yana ajiye kowace kalma kamar mai jera ƙwai. Uwata yake ce min, don sunan mahaifiyarsa aka sa min.

Ran nan ya riƙe ƙwayar maganin a tafinsa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Uwata, wannan 'yar mitsitsiyar aba, mi take yi a cikin jikin mutum?"

Na fara bayani, na ga ba ya shiga. Sai na ce ya bari sai ranar da ba cunkoso in kai shi ya gani da idonsa.

Wata Asabar da rana na tafi da shi ɗakin gwajinmu. Ba kowa sai ƙarar firjin da ke aiki da hasken rana. Na soki ɗan yatsana, na shafa ɗigon jini a kan gilashi, na rina shi, na jira ya bushe, na sa a ƙarƙashin madubin gwaji. Na zaunar da shi a kujerata. Ya rufe ido ɗaya, ya kai ɗayan.

Ya daɗe ƙwarai. Hasken madubin ya haska masa gira, ina jin numfashinsa. Mutumin da ya yi shekara hamsin hannunsa cikin jini, ranar ya fara ganin cikinsa.

"Ikon Allah," in ji shi a hankali. "Ashe gari ne."

Na ce masa waɗancan masu yawa, zagayayyu kamar ƙananan faya-fayai, su ne ke ba jini launinsa. "Amma duba tsakaninsu, Baba. Ka ga wasu 'yan ɗigo-ɗigo masu ruwan shuni, kamar an watsa riɗi?"

"Na gan su. Ga uku sun haɗa kai."

"To su ne. Daga ɓargo suke fitowa, ba sa wuce mako ɗaya da 'yan kwanaki a duniya. Yawo kawai suke yi cikin jini, ba ruwansu da kowa. Amma da zarar ka sa aska ka yanka, sai su ruga wurin, su manne, su miƙa hannuwa su kama juna, su toshe kafar. Duk tsagar da ka taɓa yi su suka rufe ta."

Ya ɗago kai ya dube ni. "Wa ke gaya musu an yanka?"

Wannan tambayar ita ce wadda malamanmu suka yi wata guda suna amsa mana a makaranta. Na ce masa a jikin kowace ƙwaya daga cikinsu akwai wasu 'yan abubuwa da littafi ke kira makarɓan saƙo, amma shi ya ɗauke su kamar kunnuwa. Wani kunnen yana jin lokacin da ƙwayar ta taɓa naman da ke ƙarƙashin bangon jijiya, wanda ba ya bayyana sai an ji rauni. Wani kunnen kiran 'yan'uwanta yake ji, don wadda ta fara isa takan saki wani abu cikin jini da ke cewa sauran su zo. Da saƙo ya shiga kunne sai ya ratsa cikin ƙwayar, ta canja kama, ta zama mai danƙo. Na ce, "Abin da ya same ka, Baba, shi ne bangon jijiyarka ya tsufa ya yi kaushi, suka ɗauka rauni ne, suka taru inda ba a kira su ba. Maganin nan ɗaya yana rage musu murya, ɗayan yana toshe musu kunnen da ke jin kira."

Ya mayar da idonsa kan madubin. Da za mu tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya waiwaya, kamar wanda ya baro mutane a ɗaki bai yi musu sallama ba.

Bayan kwana goma sai ga amininsa, wani wanzami daga Babban Duhu da muke ce wa Baffa. Tare suka yi yawon kasuwanni tun suna samari. Ya ji labarin ciwon, ya hau babur zuwa Safana, daga can ya samu mota, duk da halin da hanya take ciki. Da safe kafin in fita na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi aiki, ya tambayi gajiya, ya tambayi zafi, ya sa min albarka. Na bar su a zaure suna lissafa waɗanda suka rasu da waɗanda suka koma Dutsin-ma.

Abin da ya faru bayan fitata Inna ce ta ba ni labari. Baffa ya kama hannun Baba ya jujjuya, ya latsa masa ƙeya, ya ce wannan nauyin mataccen jini ne ya kwanta, ƙaho biyu zai ɗauke shi. Inna ta leƙo ta tuna musu maganar likita. Baba ya ce ta je ta dama musu fura. Kafin ta gama damu an riga an kafa ƙahon.

Wajen azahar ta kira ni. Na hau acaɓa ko mayafi ban gyara ba. Na tarar da Baba zaune a kan tabarma ya sunkuyar da kai, bayan farar rigarsa ya rine tun daga wuya har kugu. Baffa yana tsugune a bayansa da tsumma, ya goga ya ɗaga, ya goga ya ɗaga. Jinin ba tsartuwa yake ba. Tsattsafowa yake a hankali daga kowace tsaga, kamar raɓa a jikin randa, in an share sai ya sake fitowa.

"Ɗiyata," in ji Baffa, "wallahi ban zurfafa ba. Yadda na saba na yi."

Na ce, "Na sani, Baffa. Daina gogewa, gogewar ce ke ɗebe abin da ya fara kamawa."

Na wanke hannu, na ninka auduga da bandeji na danne da tafina biyu, na ce kada wanda ya ce in ɗaga in duba. Muka zauna haka. Aka kira salla a masallacin unguwa, aka idar, ina nan danne. Wata kurciya tana ta kuka a kan katanga. Ina jin bugun jininsa a tafina, ina jin warin aska da sabulun salo da na sani tun ina goye. Raina a ɓace yake, amma tsoro ya fi yawa, sai na rasa wanne zan fara furtawa.

Baba ne ya fara magana, kansa a sunkuye. "Uwata, dubi can."

Ya nuna ƙasa da yatsa. Jinin da aka juye daga ƙaho yana nan a dunƙule, ya kama kamar kullum.

"Na cikin ƙaho ya daskare, na jikina ya ƙi. Mi ya raba su?"

Na kusa yin dariya don haushi. Mutum yana zubar da jini yana yi min jarrabawa. Na ce masa aikin kashi biyu ne. Jini in ya tsaya wuri ɗaya yana da wasu zarurruka da yake saƙawa ya kama kansa, maganin bai taɓa wannan ba. Amma bakin rauni, inda jini ke gudana, sai 'yan ƙwayoyin nan sun fara zuwa sun tsaya tukuna zaren ya samu abin kamawa. Su kuma an toshe musu kunne.

"Ashe suna nan, ji ne ba su yi," in ji shi.

Sai bayan la'asar na ɗaga hannu na ga ya tsaya. Na ɗaure, na kai shi asibiti aka auna shi, aka ce jinin da ya zuba bai kai a yi masa ƙari ba. Baffa bai iya cin abinci ba ranar. Washegari da zai tafi ya tsaya a gabana ya sunkuyar da kai, dattijo mai furfura, har sai da na ji kunya ta kama ni.

Kwana biyu bayan haka Inna ta nuna min ƙwayoyin maganin a ƙarƙashin tabarmarsa. Ya daina sha.

Na same shi a gindin darbejiya. Na durƙusa na ce, "Baba, me ya sa?"

Ya ce, "Maganin da zai mai da mutum tulu mai yoyo, ina amfaninsa? In na koma gida fartanya ta sare ni a gona, wa zai zo ya danne min har la'asar?"

"In ka bari kuma, gudan jinin ya dawo, wannan karon ƙila ba hannu kaɗai zai ɗauka ba."

"To kin ji. In sha in tsiyaye, in bari in toshe." Ya juya lemun tsamin a hannunsa. "Duk ilimin nan naku, an rasa mai raba musu aiki? A ce su ji kiran rauni, kada su ji na ƙarya?"

Na zauna sosai a ƙasa, don abin da ya faɗa shi ne abin da nake karantawa a wayata duk lokacin da na samu caji. Na ce masa akwai masu bincike a ƙasashe da dama da ba su da wani aiki sai wannan. Suna bin kunnuwan nan ɗaya bayan ɗaya, suna bin hanyar da saƙo ke bi a cikin ƙwayar, suna neman inda za a taɓa a hana taron banza ba tare da an hana na gaskiya ba. Na ba shi labarin kunnen da ke jin naman bangon jijiya. An samu wasu mutane ƙalilan da aka haifa ba su da shi, kuma abin mamaki, zubar jininsu ba ta cika tsanani ba, don sauran kunnuwan suna rufe gurbin. Amma a cikin tsohuwar jijiya mai kaushi, ana ganin wannan kunnen yana da hannu sosai wajen tara gudan jini. Shi ya sa ake gwada magungunan da za su toshe shi shi kaɗai.

Ya saurara har na gama. "An samu ke nan?"

"Ana kan gwaji. Wani a ga alama, wani a ga bai yi ba. Ban san ranar ba, Baba."

"Zai zo Batsari?"

A lokacin ko maganin zazzaɓi wani sa'in sai an aika Katsina. Na ce, "Ban sani ba."

Ya yi murmushi da gefen bakinsa mai lafiya. Ina jin da na ce masa eh, da bai yarda da sauran maganata ba. Ya ce, "To kira likitar nan, ki gaya mata abin da na yi. Kada ki rage komai."

Na kira ta. Ta yi salati, ta yi faɗa, sannan ta duba kwanakin ta ce ai dama lokacin haɗa biyun ya ƙare, ya koma guda ɗaya. Da na gaya masa ya miƙo hannu, na sa masa ƙwayar, ya kora da ruwan randa.

Damina ta sauka. Da yamma in na dawo sai ya ce in karanto masa labarin mutanensa, haka ya koma kiran 'yan ƙwayoyin. In buɗe waya in riƙa juya masa Turancin da Hausa gwargwadon iyawata, ruwa yana sauka a kan kwano, Inna tana gyaran zogale. Rabin abin ni ma da ƙyar nake fahimta. Sau da yawa kafin in kai ƙarshe gyangyaɗi ya ɗauke shi. Wata rana ya farka ya ce ya ga kansa yana tafiya a cikin wani rafi mai jan ruwa, ruwan bai wuce gwiwa ba, ga wasu ƙananan abubuwa suna wucewa ta gefensa suna kewaye ƙafarsa, ba wadda ta taɓa shi. Ya ce bai ji tsoro ba ko kaɗan, har ya so ya ga inda rafin ya nufa, sai tsawa ta tashe shi.

Hannun ya dawo, amma bai koma riƙe aska a kan mutum ba. Ya ce yatsun da suka taɓa yi masa gardama sau ɗaya ba zai ɗora su a wuyan kowa ba.

Bayan kaka, da hanya ta ɗan lafa, ya matsa sai na raka shi kasuwar Safana. Muka sami Baffa a rumfar wanzamai, bayan layin mahauta. Suka gaisa suka daɗe, sauran wanzaman suka matsa masa wuri a kan benci. Ana cikin hira sai ga wani magidanci mai ƙiba, dillalin gyaɗa, ya cire hula ya ce ƙaho yake so a kafaɗa. Baffa ya ɗauko ƙaho, sai ya dakata, ya dubi Baba, ya dubi mutumin.

"Alhaji, kana shan wani maganin asibiti?"

Mutumin ya ce me ya haɗa ƙaho da asibiti. Baba ya ce, "Nuna mana dai." Mutumin ya laluba aljihu ya fito da wata 'yar leda. Baba ya karɓa ya miƙo min ba tare da ya duba ba. Na karanta, na ce irin na Baba ne, na zuciya aka ba shi.

Baba ya juya masa ƙeya, ya ɗaga hula, ya nuna masa tabon. Ya ba shi labarin tun daga furar Inna har la'asar, bai rage wautarsa ba. Sannan ya shiga yi musu bayanin 'yan ƙwayoyin da kunnuwansu, da hannu da ido, mahauta biyu suka bar tebur suka matso. Wani wurin ya ƙara gishiri, wani wurin ya rikita, ban gyara masa ba sai sau ɗaya. Dillalin ya mayar da hularsa yana gunaguni, ya ce to a yi masa aski kawai, kuma a bi a hankali.

Muka taso da wuri don kada yamma ta same mu a hanya. A bayan motar an cika buhuna, mu muna gaba kusa da direba. Gonakin da aka samu aka noma sun yi fari da karan gero, waɗanda ba a noma ba ciyawa ta kai kafaɗa. Duwatsun yamma sun yi shuɗi can nesa. Baba ya jingina kai da gilashi yana kiran sunayen garuruwan da muke wucewa, da na waɗanda ba a hangowa daga titi, a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Kafin mu shiga Batsari barci ya kwashe shi, kansa ya gangaro kan kafaɗata, na ce wa direban ya rage gudu a kan ramuka.